Hukuncin sayar da kwanakin kamun kifi a tsibiran Fasifik

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikacin jirgin kamun kifin tuna ne a Tema ta ƙasar Ghana, kuma an yi mini tayin aiki a wani jirgin da ke su a tekun Fasifik. An ce ƙananan ƙasashen tsibiran can sun haɗa kai suna sayar wa jiragen waje kwanakin kamun kifi. Wani abokina ya ce haramun ne, don sayar da kifi ne a cikin ruwa, kuma teku na Allah ne, babu mai ikon rufe shi. Har ya ce ko mun kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake ba mu da laifi. Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tsarin ya halatta, aikinka a jirgin da ke da lasisi halal ne, amma kashe na'ura da kamun kifi a ɓoye haramun ne. Sai dai abokin naka ba da ka ya yi magana ba, akwai nassin da ya riƙa, don haka sai mun bi ta kansa.

Mu fara sanin abin da ake tambaya a kai. A 1982 aka ƙulla Yarjejeniyar Nauru, wadda a yanzu ta haɗa ƙasashe takwas: Kiribati, Tuvalu, Nauru, Palau, Maikronesiya, Papua New Guinea, tsibiran Solomon da tsibiran Marshall. Ana ƙiyasta cewa kusan rabin nau'in tunan da aka fi sawa a gwangwani a duniya daga ruwansu yake fitowa. Da can manyan jiragen waje kan biya su abin da bai taka kara ya karya ba, idan wannan ta ƙi sai a koma wurin waccan. A ƙarshen 2007 suka fara ƙayyade yawan kwanakin kamun kifi a shekara, su raba tsakaninsu, kowace ta sayar da kasonta. Jirgin da bai kai mita 50 ba rabin kwana ake lissafa masa, wanda ya haura mita 80 kwana ɗaya da rabi. Daga 2015 mafi ƙarancin farashin kwana ya zama dala 8,000, kuɗin shigarsu kuma ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen miliyan 500 a shekara. Sun kuma wajabta ɗaukar mai sa ido a kowane jirgin taru.

Asali dai farautar teku halal ce ga kowa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 96, kuma hadisin Abu Dawuda ya ce Musulmi abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. Abin da hadisin ya hana shi ne mutum guda ya kame dukiyar jama'a. Shi ya sa da Annabi (SAW) ya yanka wa Abyad ɗan Hammal ma'adinin gishirin Ma'rib, aka ce masa ai kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga, sai ya karɓe. Amma shugaba ya keɓe wuri don amfanin jama'a, wannan shi ne hima, wato hurumi, kuma Annabi (SAW) ya yi shi a Naƙi'u, Sayyidina Umar ya yi a Rabaza da Sharaf. Mu ma mun saba da irinsa, yadda ake hana su a Matan Fada ta Argungu sai ranar da aka buɗe.

Wasiyyar Umar ga bawansa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hurumin, ita ce ta fi kama da mas'alarka, tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari. Ya umarce shi ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya tare dabbobin Abdurrahman Ibn Auf da na Usman Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka za su koma ga dabino da gonaki, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo yana kiran Amirul Muminina. Ka duba su wa ya tare: sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ba don laifi ba, sai don suna da wata madogara. Kamfanin da ke da jirgi mai mita 80, in kifi ya ƙare, zai juya zuwa wani tekun. Mutumin Tuvalu ko Kiribati, da ƙasarsa rairayi ce da bishiyar kwakwa, kuma gwamnatinsa da kuɗin lasisin kifi take biyan malaman makaranta da sayen magani, ina za shi? Ƙa'idar “ba cuta, ba cutarwa” ta isa hujja a taƙaita wa babba.

Batun sayar da kifi a ruwa shi ne mai nauyi. An ruwaito hanin daga Ibn Mas'ud, kuma hanin cinikin garari, wato cinikin abin da ba a da tabbas a kansa, ya tabbata a Sahihu Muslim. Fakihai da yawa ma sun hana a yi hayar tafki don kifin da ke cikinsa. Wanda ya tsaya a nan ya ga da walakin, ban zarge shi ba. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ba kifi aka sayar ba. Babu wanda ya ce da mai jirgi “na sayar maka da tan kaza”. Izini ne hukuma ta bayar na shiga sanannen yanki, na sanannen lokaci, a kan sanannen kuɗi, kuma kuɗin na baitulmali ne, ba na aljihun wani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma'adinai na hannun shugaba, ya ba wanda ya ga maslaha a ba shi, kuma izinin kamun kifin ya fi kusa da wannan fiye da cinikin mutum biyu a bakin tafki. Farashin kansa linzami ne, domin da kyauta ce da jirage sun yi wa ruwan ƙarƙaf.

Halaccin yana da sharaɗi. Ikon shugaba a kan talakawa rataye yake da maslaharsu. In kwaɗayin kuɗi ya sa aka ƙara kwanaki fiye da yadda kifin zai iya hayayyafa, ko kuɗin ya maƙale a hannun manya, ko aka hana mai ɗan kwalekwale abin kai wa gida, to an ci amana, zunubin kuma yana wuyan wanda ya ci. Hakan ba ya ba baƙo damar sata.

Kada kuma a ce ai ƙasashen ba na Musulmi ba ne. Huzaifa da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, da suka gaya wa Annabi (SAW) ana shirin Badar, sai ya ce: “Ku koma, mu cika musu alkawarinsu.” Ana tsananin buƙatar mayaƙa aka yi haka. Jirginku ya sa hannu a kan sharuɗɗa kafin ya shiga, kai ma ka sa hannu a kan naka, Allah kuma ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura.

Saboda haka ka karɓi aikin in jirgin na da lasisi, albashinka halal ne. Kada ka taɓa na'urar, kada ka rubuta ƙarya a littafin kamu, kada ka shiga cikin ba mai sa ido toshiya ko tsoratar da shi. In kyaftin ya umarce ka da ɗaya daga ciki, ka ƙi, amma da dabara, don tsakiyar teku ba wurin jayayya ba ne, in kun sauka ka sanar da hukuma. In ka gane tun kafin tafiya cewa jirgin ya saba su a ɓoye, kada ka hau. Wallahu a'alam.