Fordo da kake ji a labarai, da Fordon da ke takardar ƙidaya

Malam, ka tambayi inda Fordo take, mutum nawa ke cikinta, da ko mu Hausawan birnin Ƙum na ƙasar Iran a gindinta muke kwana. Tun harin da Amurka ta kai wa tashar nukiliyar Fordo a watan Yunin 2025 ake ta jefo mana wannan tambaya daga gida.

Sai ka fara sanin yadda Iran ta yanka ƙasarta. Akwai ostan guda 31, kamar jihohi. Ƙarƙashin kowane akwai shaharestan, kamar ƙaramar hukuma, sai bakhsh, kamar gunduma, sai dehestan, wato tarin ƙauyuka a hannun jami'i ɗaya da ake kira dehdar. Kada ka ɗauke shi hakimi. Ma'aikacin gwamnati ne, ba gado, ba rawani. Fordo dehestan ce a yankin Kahak, cikin duwatsun kudu da birnin Ƙum, wurin sanyi da lambuna. Tashar nukiliyar da ta ari sunan kuwa tana arewa da birnin. Wurare biyu ne, birnin Ƙum kansa na tsakaninsu.

Wajen yawan jama'a ne ake yawan tuntuɓe. Cibiyar Ƙididdiga ta Iran ta yi ƙidaya a 2006, 2011 da 2016, amma takardun suna ɗauke da 1385, 1390 da 1395, domin kalandarsu ta rana ce. Wanda ya ga 1395 ya ɗauka hijirar wata ce zai ce ƙidayar 1975 yake karantawa. Ƙara 621 kawai za ka yi. Sannan adadin dehestan na ƙauyuka ne zalla. Da zarar an ɗaga ƙauye ya zama shahar, wato gari, an cire shi daga lissafin, sai ka ga jama'a sun "ragu" alhali ba wanda ya ƙaura. Iyaka ma tana motsi: lokacin ƙidayar 2016 Kahak tana ƙarƙashin shaharestan ɗin Ƙum, daga baya aka ba ta nata. A 2016 ɗin, ostan ɗin Ƙum na da mutum kusan miliyan 1.3, kimanin miliyan 1.2 a birnin kaɗai. Ragowar ne dukan ƙananan garuruwa da ƙauyuka ke rabawa.

Mu kuwa a birni muke, ba a ƙauye ba. Yawancinmu karatu ya kawo mu, musamman a Jami'ar Al-Mustafa, kuma izinin zamanmu da makarantar yake ɗaure. Ba wanda ya zo noma.

Maganar da aka fi ƙunsa mana ita ce wai mun auri Farisawa mun narke. Ai auren ba shan ruwa ba ne. Sashe na 1060 na dokar zamantakewarsu ya ce Ba'iraniya ba ta auren baƙo sai da izinin gwamnati, kuma sai a 2019 aka yi dokar da ta ba uwa damar nema wa 'ya'yan irin wannan aure zama 'yan ƙasa tun suna ƙanana. Shi ya sa akasari daga gida ake ɗauko amarya, ko a yi tuwona maina a nan.

Yara, gaskiya ne, Farisancinsu ya fi na iyayensu, kuma wani zai ce maka "merci" kafin ya tuna da "na gode". Amma kuka da daddawa ba sa yankewa a kayan duk mai dawowa daga hutu, kuma ranar suna da Hausa ake barka. Yaron da ya tashi a Legas ma yana cakuɗa Yarbanci, ba mu ji an kore shi daga Hausa ba.