Amsa: aiki a kamfanin da ke ba masu ɗaukar ma'aikata shawara kan dokar ƙwadago

Ƙanwata, kin tambaya ko wannan aiki kullum a kotu ake yin sa. Ko kaɗan. Yawancinsa waya ce da takarda: gyara kwantiragi, duba ƙa'idar hutu, rubuta takardar gargaɗi.

Inda aikin yake shi ne ranar da manaja ya kira ki rai a ɓace, yana so ya kori ma'aikaci yau-yau. Sai ki ce, ina fayil ɗinsa? An taɓa yi masa gargaɗi a rubuce? An ji ta bakinsa? Sai ki ji shiru. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta ce ba a kora sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma sai an ba mutum damar kare kansa. Amma ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, don haka dokar ƙasarki za ki fara laƙanta.

Kuma mai ɗaukar ma'aikatan ne yake biyan ku, ba ma'aikacin ba. Akwai ranar da na ga ma'aikacin ne da gaskiya ƙiri-ƙiri. Iyakar abin da na iya shi ne lallashin manajan ya biya shi haƙƙinsa cif.