Amsa ga ɗan'uwan da yaransa suka daina mayar masa da Fulatanci

Ɗan'uwa, ka ce tunda kuka tashi daga rugarku ta wajen Jahun kuka shigo gari, in ka yi wa yaranka Fulatanci sai su amsa da Hausa, kana tambaya ko ƙaura ce ta jawo kuma ko akwai magani.

Ƙaura tana da hannu, amma a ganina ya danganta da inda aka sauka. Danginmu da suka bi shanu kudu, Kwara da Oyo, bayan an nome burtali a nan, har yau jikokinsu Fulatanci suke yi a gida, ga Yarbanci na kasuwa, ga kuma Hausa. Harshe uku a bakin yaro tun bai isa kiwo shi kaɗai ba. Mu da muka matsa tafiyar rabin yini kawai muka zauna cikin Hausawa, namu ne ya fi raunana. Addininmu ɗaya, muna auratayya, malamin allo da Hausa yake fassara, wa'azi da rediyo duk Hausa. Ba wanda ya hana mu harshenmu, zaman daɗi ne ya sa muka sake shi, shi ya sa ba a farga da wuri.

Abin nan yana damuna ƙwarai, don a Jigawa mun ga ƙarshensa. Auyokawa suna da harshensu a da, dangin Badanci da Ngizimanci, yau babu mai jin sa, sai sunan garin Auyo. Haka na Teshenawa ya tafi. Warjawan ƙasar Birnin Kudu da Badawa da Mangawan wajen Guri da Birniwa ma Hausa na matsa musu, musamman gidajen da samari ke tafiya ci-rani Kano ko Legas.

Magani yana hannun uwa fiye da kai, tunda kai kana fita tun safe. In mai ɗakinka tana ji, ku yi shawara: aike, faɗa, lallashi, tatsuniya, duk da Fulatanci. In yaro ya amsa da Hausa kada a tsawata masa, a maimaita masa da Fulatanci a wuce. Ka kuma hana manya yi musu dariya in sun karya magana, don dariyar nan ce ke rufe bakin yaro.

Kada ka dogara da makaranta. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, amma malamin da za a turo ba lallai ne ya ji Fulatanci ba.

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne kai yara hutun damina wajen kakarsu, inda ake tatsa da kiwo, kuma sa'o'insu ba sa amsawa da Hausa. In sun dawo, ka bar su suna aika mata saƙon murya ta WhatsApp duk mako, ita ma tana mayar musu.