Wayar agogon mashin da ke yawan tsinkewa

Ɗan'uwa, ka ce Boxer ɗinka ya cinye wayar agogo uku, wato agogon da ke nuna gudu, tun bayan sallah, kana tambaya ko na kasuwa ne suka lalace. Akwai marasa ƙwari, ba musu, amma in sabuwa ta tsinke sau uku a jere, da wuya a ce laifinta ne. Na daɗe ina bin hanyar Gombe zuwa Dukku a kan mashin, kuma sai da na yi asarar huɗu kafin wani dattijon bakanike a Tudun Wada ya ce in kawo masa guntayen ya gani.

Abin da ya duba shi ne inda ta tsinke. Cikin bututun wayar murɗaɗɗen zaren ƙarfe ne mai baki biyu, kowanne da kusurwa huɗu, ɗaya yana shiga giyar da ke jikin tayar gaba, ɗaya gindin agogo. In taya ta juya, shi ma ya juya. To in a sama yake tsinkewa, yawanci agogon ne ya cije: taya na murɗawa, shi kuma ya ƙi motsi. Nawa haka ne, ƙura da tsatsa sun kama shi. Ka sa guntun bakin a gindin agogon ka murza da yatsu. In ya juya salin-alin, allura ta ɗan zabura, lafiya lau. In ka ji yana turjewa, ko waya goma ka saya haka za su bi juna.

In kuwa a tsakiya ne ko ƙasa, nemi inda aka lanƙwasa ta. Mutanenmu na son ɗaure ta tamau da roba jikin shokazoba don kada ta yi lilo, alhali sakewa take so. Bayan ka ɗaura, juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe, ka danna gaban mashin ƙasa, ka ga ko tana miƙewa ko tana karyewa. Shi kansa bututun in ya fashe, canza shi gaba ɗaya, don ta nan ruwa da yashi ke shiga.

Batun mai kuwa, a zaro zaren, a wanke da kananzir, a bari ya bushe. Ka riƙe bakinsa biyu ya sauko kamar igiya, ka murza. In yana tsalle, ya riga ya tanƙware, jefar. In lafiya, shafa giris mai laushi kaɗan, amma ka bar kamar taƙi guda na sama ba mai, saboda murɗin zaren yana tura giris sama har cikin agogo, ya je ya danƙare. Baƙin mai kam kada ka soma, datti ne zalla. Ni ina yi sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu, ko kuma duk sanda allura ta fara rawa.

Af, in daga wurin mai faci ka dawo allura ta mutu, kada ka yi saurin sayen waya. Sau da yawa kunnuwan giyar ne ba su zauna a gurbinsu ba da aka mayar da taya. Kwance wayar daga sama, ɗaga gaba, juya taya ka ga ko bakin na juyawa.