Tanar roba mai yawo a kan ruwa: yadda ake ɗaura ta don kifin bas (wani kifin tabkuna da koguna na Amurka)

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tanar roba a jihar Tekzas ta Amurka, amma kana jefawa sai ta nutse, igiya ta murɗe, ga ciyawa tana maƙale ƙugiya. Nutsewar daga dalmar da ake ɗaura wa igiya don nauyi take. Cire ta gaba ɗaya, wannan tana ba ta son nauyi.

Nemi ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, mai girman lamba 3/0 ko 4/0. Soka bakinta kaɗan a ƙarshen tanar ta wajen kai, ka fito da shi, ka juya ƙugiyar, sannan ka ɓoye tsinin cikin jikin robar. Tanar ta miƙe sak, in ta karkace ita ce ke murɗe maka igiya. Ɗan ƙarfe mai juyawa kamar kamu ɗaya sama da ƙugiya yana taimakawa.

Lokacinta bazara, a ruwa mara zurfi, gefen ciyawa da kututture. Ni fara ko ruwan hoda nake so, don ido yana binta. Fizga kaɗan-kaɗan, ka dakata. In kifi ya hadiye, kar ka yi gaggawar ja, bari ka ji nauyinsa tukuna.

Batun lasisi da girman kifin da aka yarda a riƙe, tambayi hukumar kula da namun daji ta jihar, domin wasu tabkuna da dokarsu daban.