Fitilar gargaɗi a mota ranar gwajin tuƙi a Ingila

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya zuwa gwajin tuƙi a Ingila da motarka alhali fitilar gargaɗin jakar iska (airbag, jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi hatsari) tana kunne. Amsa ita ce a'a. Ƙa'idar DVSA, hukumar da ke kula da gwajin tuƙi a can, ta hana shiga gwaji da motar da wata fitilar gargaɗi ke ci a gaban direba, kuma idan jami'in gwajin ya gan ta zai soke gwajin tun ba ku tashi ba, kuɗin da ka biya ma yana iya salwanta.

Takardar MOT, wato shaidar binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara, ba za ta fisshe ka ba, domin halin da motar take ciki a ranar shi ake dubawa. Na sha ganin wannan fitila ta kunnu saboda wayar da ta saki a ƙarƙashin kujera, gyaran da ba ya ɗaukar makanike lokaci, don haka ka kai ta gareji tun da sauran kwanaki. A duba tayoyi ma, kada zurfin zanensu ya gaza milimita 1.6. Idan gyaran bai samu ba, gara ka je da motar malamin da ke koya maka tuƙi.