Asakaa, Donno da Gangar da Ta Cika Zaƙi: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu na Kumasi

Wani matashi daga Aboabo ya tambaya: "Malam, kiɗan asakaa da samarin Kumasi ke yi, daga Hausa sunan ya fito? Na ji kamar saƙa."

A'a, ɗana, kunne ne ya yaudare ka. Tushen sunan Twi ne. A harshen Asante, kasa na nufin magana. Samarin gari suka juya gaɓoɓin ta koma saka, wato maganar da babba ba zai gane ba, daga nan aka sami asakaa. Sunan ya bazu a 2020, lokacin da waƙar Sore ta Yaw Tog ta fita tare da su O'Kenneth da Jay Bahd, har Stormzy na Ingila ya shiga sabon zubinta a 2021. Abin da ya sa ka ruɗe shi ne a Hausarmu ta zango ƙ da k sun zama ɗaya a baki, sai saƙa tabarma da saka riga su fito da sauti kusan iri guda. Amma dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Zaurance ke nan, inda yara kan juya riga ta koma gari don su ɓatar da manya.

Wata hajiya daga Asawase ta ce jikokinta na kiran kalangu donno, goge kuma gonje, shin kuskure ne?

Hajiya, donno sunan da Asante ke kiran ganga mai siririn ƙugu ne, wadda Dagomba na arewacin Ghana ke ce wa lunga. Daga arewa ta gangaro, ta sami gurbi a kiɗan adowa, rawar gargajiyar Asante, tare da manyan gangunansu da ake kira atumpan. Jikokinki ba su yi ƙarya ba, sun dai ari sunan maƙwabta. Abin da ke ɓacewa shi ne rabe-raben da Hausa ke yi. Kalangu asali na mahauta ne, kafin ya zama na biki da rawar 'yan mata. Jauje ya fi shi girma, kuma na sarakuna ne. Kotso baki ɗaya gare shi, da hannu ake kaɗa shi. Wanda ya kira su duka donno ya haɗa fada da mahauta a kwano ɗaya. Gonje kuwa ɗan'uwan goge ne a bakin Dagomba: ƙwarya, fatar guza, tsarkiya ta izgar doki, da ƙaron da ake goga wa bakan don ya kama. In ba ƙaro, sai ya yi ta santsi ba amo.

Wani tela daga Sabon Zango yana son bayanin "In ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa." Ya ce ganga ai ba a lasarta.

Zaƙi a nan na kunne ne, kamar yadda ake cewa zaƙin murya. Kuma karin maganar daga sana'a ya fito, ba daga tunani kawai ba. Ɗauki kalangu: akwai kango, wato icen da aka fafe, da siririyar fatar akuya a baki biyu, da tsarkiyoyin da suka haɗa su. Makaɗi na matse shi a hammata, tsarkiya ta ja fata, amo ya hau. Ya sassauta, amo ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa har a ce kalangu na magana. To, amo ya fi tsini da daɗi a daidai lokacin da fata ta kai maƙurar ɗaurewa, kuma daga nan sai yagewa. A Kumasi raɓa da damina mai tsawo kan sa fata ta yi lanƙwam, sai a shanya ganga a rana ko a kara ta kusa da garwashi kafin wasa. In aka wuce gona da iri, ko hunturu ya shigo ba a sassauta tsarkiya ba, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya farke ta, yawanci ta gefen da aka ɗinke. Shi ya sa ake jefa maganar ga sabon mai kuɗi da ya cika fankama, ko abotar da ta yi zafi fiye da kima. Ba a faɗa wa mutum ita a gabansa sai in faɗa ake nema.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce: makaɗi mutum ne ko sanda? Duka biyun. Mai kaɗawa makaɗi ne, lanƙwasasshiyar sandar hannunsa ma makaɗi ce, sai dai jam'insu ya raba su: mutane makaɗa, sanduna makaɗai.